Yadda Ake Kintace da Sifaniyanci: Darasi Daga Kasuwar Turaku

Duk wanda ya fara koyon Sifaniyanci a Yamai, a lise ne ko wajen malamin darasin yamma ko a wayarsa, ƙidaya ce ake fara ɗora masa. *Uno, dos, tres*, har ya kai *mil*. Sai a koya masa tambayar kuɗin kaya da tambayar lokaci, ya haddace amsa: kuɗinsa kaza, ƙarfe kaza. To amma mutane ba haka suke magana ba. Shiga Turaku, kasuwar dabbobin nan ta Lazare, ana saura mako biyu Layya, ka nuna wa dillali wani balami ka ce nawa. Da wuya ya yanke maka kuɗi kai tsaye. Zai ce "ai wannan zai kai jika 150", ko "ba zai gaza kaza ba", ko "wajen kaza dai". Ya faɗi kuɗi, bai kuma ɗaure kansa ba. Mutumin Madrid haka yake yi, na Habana haka, na Malabo ma haka, kuma harshensu ya tanadar musu hanyoyin yin hakan fiye da abin da littafin farko ke nunawa. Ɗalibin da bai iya su ba, ko dai ya yi ta maimaita *aproximadamente* a kowace jimla har ya gunduri mai saurare, ko ya riƙa faɗin adadi cif a inda ba shi da tabbas, a zo ana kama shi da ƙaryar da bai yi niyya ba.

Shawarata tun farko ita ce, a wannan babi ka ajiye Faransanci gefe. Na san ya taimake ka a wasu wurare, tunda shi da Sifaniyanci duk daga Latin suka fito, kalmomi da yawa ma da gani ka gane su. Amma a maganar kintace yakan ɓatar da mutum. Hausar da kake ciniki da ita ta fi kusa da abin da ake nema.

Masu nahawun Sifaniyanci suna da abin da suke kira *perífrasis verbal*. Sunan ne kawai mai nauyi. Aikatau biyu ne ke haɗuwa su yi aikin guda. Na farko shi ke nuna wane ne da kuma yaushe, amma ya saki ma'anarsa ta asali. Na biyu yakan zo tsurarsa, da ƙarshensa na -*ar*, -*er* ko -*ir*, shi ke riƙe da ma'ana. Kana yin irin wannan kullum. Idan ka ce "na taɓa zuwa Agadas", babu abin da ka kai wa hannu. In ka ce "ya kusa gamawa", babu wanda ya matso kusa da wani. Haka *venir*, wanda kowa ya haddace da ma'anar zuwa, yake sakin tafiyarsa idan aka jingina masa *a* da wani aikatau na awo.

Venir a

*Este carnero viene a costar 230 euros.* Ragon nan zai kama wajen yuro 230. Ba zuwa ragon ya yi ba. Mai maganar ne ya yi lissafi ya cike adadin. Ga yadda lissafin yake: canjin sefa da yuro a tsaye yake, yuro ɗaya sefa 655 da ɗigo 957. Jika 150, wato sefa 150,000, ta kama yuro 228 da 'yan kai. Babu mai tsayawa kan 'yan kan nan a hira, sai ya ce 230, ya sa *viene a* ya shaida wa mai ji cewa an cike ne. Ka haddace wannan jimla ma, za ta yi maka aiki duk ranar da ka tashi yi wa baƙo bayanin kuɗinmu: *mil francos vienen a ser un euro y medio*, jika ɗaya kamar yuro ɗaya da rabi ce. Lura da *vienen*: sefa dubu jam'i ne, shi ya sa aikatau ya bi shi.

Ba kowane aikatau ke shiga wannan gida ba. Waɗanda za ka fi ji su ne na kuɗi da nauyi da tsawo da lokaci: *costar*, *valer*, *ser*, *pesar*, *medir*, *durar*, *tardar*. Daga Yamai zuwa Doso wajen kilomita 140 ne, don haka *el viaje viene a durar dos horas*. Sai biyu da ba na adadi ba, *decir* da *significar*, waɗanda ɗalibi ke buƙata ƙwarai wajen taƙaita abin da ya karanta. *El artículo viene a decir que faltan pastos*: abin da rubutun ke cewa dai, a dunƙule, shi ne makiyaya ta yi ƙaranci. Ba kalmomin marubucin ka kawo ba, gundarin maganarsa ka kawo. *Viene a ser lo mismo* kuwa ita ce "duk kusan ɗaya ne" tamu.

To yaya za ka gane ranar da *venir a* ke nufin zuwa na ƙafa? Dubi waɗannan biyu, ka karanta su da ƙarfi:

*El carnicero viene a pesar la carne.*
*El carnero viene a pesar cincuenta kilos.*

A ta farko mahauci ne ya taso ya zo auna nama. A ta biyu rago ne nauyinsa zai yi kilo 50. Gwajin mai sauƙi ne. Tambayi kanka, "me ya kawo shi?" In jimlar ta amsa, zuwa ne na gaske: awon nama ya kawo mahauci. In tambayar ta zama shirme, kintace ne, domin babu abin da ya kawo rago. Yawanci kuma za ka ga adadi a gaban na kintace. Akwai ma'ana ta uku da za ka ci karo da ita a labarai, irin *vino a parar a Niamey*, ya yi ta yawo daga ƙarshe Yamai ta yi masa masauki. Ka gane ta in ka gani, ba sai ka yi gaggawar amfani da ita ba. Haka *viene costando* da *viene siendo*, waɗanda za ka ji a bakin mutane da dama, musamman na Latin Amurka, a wurin da wani zai ce *viene a costar* ko *viene a ser*.

Ga ramin da Faransanci ya haƙa a nan. Wanda ya saba da *je viens de manger* sai ya ɗauka *venir* na Sifaniyanci ma aikin da aka gama yanzu yake nunawa, ya ce *vengo de llegar* yana nufin isowata ke nan. Ba a faɗin haka. Wannan aikin na *acabar de* ne: *acabo de llegar*, *acaba de vender el toro*, yanzun nan ya sayar da bijimin. *Vengo de* wurin da ka fito yake nunawa: *vengo del mercado*, daga kasuwa nake.

"Zai yi shekara biyu"

Nan ne Bahaushe ya fi mai Faransanci samun sauƙi. Idan aka nuna maka yaro aka ce shekarunsa nawa, ka dube shi ka ce "zai yi shekara goma", ba cewa kake nan gaba zai cika goma ba. Yanzu kake nufi, ka ari siffar lokaci mai zuwa ne don ka nuna zato. Sifaniyanci haka yake yi daidai wa daida, kuma kullum. Faransanci na da irinsa, amma ba a cika jin sa a bakin mutane ba, shi ya sa ɗalibanmu in suka ji *serán las cinco* sai su fassara "ƙarfe biyar za ta yi", alhali mai maganar cewa yake "yanzu za a yi ƙarfe biyar", ba shi da agogo ne a hannu.

*Tendrá unos dos años*: zai yi shekara biyu. *Valdrá doscientos mil francos*: zai kai jika 200. *Habrá unas trescientas cabras*: awakin za su yi 300. A wannan ta ƙarshe ka lura *habrá* bai zama jam'i ba. *Haber* na "akwai" tilo yake zama ko awaki dubu ne, kamar yadda *hay* ba ya sauyawa. Za ka ji wasu na cewa *habrán*, amma a takardar jarrabawa kuskure ake ɗaukar sa. Abin da ke ba mutum wahala shi ne, aikatau ɗin da aka fi kintace da su yawancinsu karkatattu ne: *tener* ya ba da *tendrá*, *valer* *valdrá*, *haber* *habrá*, *salir* *saldrá*, *hacer* *hará*. Waɗannan biyar ka haddace su tun yau. Na ƙarshen ɗan likitanci ya riƙe shi da kyau, musamman mai harin karatu a Kuba, domin da shi majiyyaci ke ba da labarin ciwonsa: *hará tres días que tengo fiebre*, yau zan yi kwana uku da zazzaɓi.

A tambaya kuma yana ba da "ko" ɗin nan tamu ta mai magana da zuciyarsa. *¿Cuánto cuesta?* tambaya ce ga mai kaya. *¿Cuánto costará?* kuwa "ko nawa zai yi?" ce, wadda kake faɗa wa abokin tafiyarka kuna hangen ragon daga nesa. *¿Dónde estará mi hermano?* Ko ina ɗan'uwana ya shiga?

Idan zaton na abin da ya wuce ne, sai ka ja baya taki ɗaya, ka ɗauki siffar nan mai ƙarewa da -*ría*. Dattijon unguwa da ya ga sansanin mutanen da fari ya koro, wanda aka kafa a nan Lazare a 1973 da 1974, in yana ba ka labari zai ce "lokacin zan yi shekara goma". Da Sifaniyanci: *yo tendría unos diez años*. *Serían las cinco cuando llegó*: za a yi ƙarfe biyar sa'ad da ya iso. In kuwa abin bai daɗe da faruwa ba, *habrá* da aikatau mai -*ado* ko -*ido*: *le habrá costado una fortuna*, maƙwabcinka ya shigo da rago ka ce lalle ya ci masa kuɗi.

Deber da deber de

Faransanci da *devoir* ɗaya yake yin dole da zato duka. Sifaniyanci ya raba su da 'yar kalmar *de*. *Debe pagar hoy*: wajibi ne ya biya yau. *Debe de pagar mucho*: da alama yana biyan kuɗi da yawa. Ɗalibai kan ɗaga hankalinsu a kan wannan fiye da masu harshen, domin su kansu suna cakuɗa su a magana. Hukumar kula da harshen, *Real Academia Española*, wadda aka kafa a Madrid a 1713, ta yi hukunci a kai a ƙamusun warware shakku da ta fitar a 2005 tare da takwarorinta na sauran ƙasashe. Hukuncin ya karkata gefe ɗaya: ka iya zubar da *de* a wajen zato, ba laifi, amma kada ka saka shi a wajen dole. Wato *debe ser tarde* da *debe de ser tarde* duk sun halatta ga mai cewa da alama an makara, amma *debes de estudiar* da nufin "dole ka yi karatu" ba a yarda da shi ba.

Ni a ganina mai koyo ya riƙe rarrabewar gaba ɗaya, *de* ga zato, babu *de* ga dole. Ba don sassaucin haramun ne ba, sai don ya hutar da mai sauraro. Baƙon harshe lafazinsa ma kaɗai ya isa ya sa a yi masa wata fahimta, bai kamata ya ƙara da jimla mai fuska biyu ba.

Yanzu hanyoyi uku ke nan a hannunka, kuma ba ɗaya suke ba ko da yake a wurare da yawa wata na iya tsayawa a madadin wata. Koma gaban balamin nan. Ka hango shi daga bakin hanya, ba ka taɓa shi ba, ka ce *tendrá dos años*: zato ne tsagwaronsa. Ka matsa, ka buɗe bakinsa, ka ga ya yi famfara, manyan haƙora huɗu sun tsaya a gaba, sai ka ce *debe de tener dos años*: yanzu kana da hujjar da ka dogara da ita. Makiyayin da aka haifi ragon a garkensa, wanda ya san da kakar da aka haife shi amma bai rubuta rana ba, shi ne mai cewa *viene a tener dos años*: ya san abin, cikewa kawai ya yi. In ka riƙe wannan, ka wuce da yawa daga cikin waɗanda suka girme ka a aji.

Sauran kayan aiki

Akwai aikatau da ke kintace su kaɗai ba tare da rakiya ba. *Rondar* asalinsa zagaye ne irin na mai gadi, sai aka mayar da shi kan adadi: *en abril la temperatura ronda los 42 grados*, a watan Afrilu zafi na kaiwa da komowa wajen digiri 42. *Andar por* ɗan'uwansa ne na hira: *anda por los cuarenta*, shekarunsa wajen arba'in ne haka. Dukansu biyu suna son *los* ko *las* a gaban adadi, kada ka manta da shi. 'Yan jarida sun fi son *rondar*, don haka za ka gan shi a kusan kowane labarin farashi.

"Bai kai ba" da "bai wuce ba" kuwa, waɗanda ciniki ba ya yiwuwa sai da su, su ne *no llega a* da *no pasa de*. *No llega a cien mil*: bai kai jika 100 ba, maganar mai taya. *No baja de cien mil*: ba ya gazawa jika 100, maganar mai sayarwa. *No pasa de cien mil*: iyakarsa ke nan. In an sallama kuma ka zo ba da labari a gida, *salir* za ka ɗauka, wanda ba shi da alaƙa da ɓata abu da dauɗa irin *salir* na Faransanci. Fita yake nufi, a ciniki kuma "kamawa": *me salió por unos 230 euros*, ya kama mini wajen yuro 230 har da la'ada, *sale a 600 francos el kilo*, kilo ya kama sefa 600. Haka *subir* ba shan wahala ba ne, hawa ne: *los precios suben antes de la fiesta*.

A gaban adadi ana cewa *más de* da *menos de*, ba *más que* ba: *más de cien ovejas*. Sai dai ga wani wuri mai santsi. *No tengo más de mil francos*, abin da ke aljihuna bai wuce jika ba, wataƙila ma bai kai ba. *No tengo más que mil francos*, jika ɗaya ce tak gare ni. Kalma ɗaya ce ta raba su.

Cikin ƙananan kalmomi, wadda ta fi kowace aiki ita ce *unos*, ko *unas* in abin mace ne. Sa ta gaban kowane adadi, ya koma "wajen": *unos veinte kilos*, *unas veinte vacas*. Ka furta *s* ɗin ƙarshe, kada ka haɗiye shi kamar yadda Faransanci ya saba maka. *Alrededor de* ma haka, sama ko ƙasa kaɗan. *Casi* daban ne: *casi veinte* bai cika 20 ba, ƙasa yake tsayawa, kamar "kusan" ɗinmu. In ya haura kaɗan kuwa, *y pico* ne, "da 'yan kai" ko "da wani abu": *ciento y pico*, *las tres y pico*. Ga shekarun mutum za ka ji *treinta y tantos*, talatin da 'yan kai. Akwai kuma siffofi biyu masu daɗi da ake sawa bayan adadi. *Dos horas largas* awa biyu ce har da ɗori, *dos horas escasas* awa biyu da ƙyar. *Largo* ɗin nan tsawo yake nufi, faɗi kuwa *ancho* ne, wani wurin ke nan da Faransanci ke kayar da mutum.

Ga lokaci, uku ne: *sobre las cinco*, *a eso de las cinco*, *hacia las cinco*, duk "wajen ƙarfe biyar". Mu da muke sa alkawari da salla, in ka ce wa baƙo bayan la'asar, ka ƙara masa da agogo: *después de la oración, sobre las cuatro y media*. Shi ma in ya ce maka *a mediodía*, ka tambaye shi ƙarfe nawa, domin a Sifaniya wannan kalma kan kai har lokacin abincin rana, wajen ƙarfe biyu ko uku, ba sha biyu cif ba.

Kada ka tara su duka a jimla ɗaya. *Viene a costar aproximadamente unos doscientos euros más o menos* kamar shayin da aka cika wa sukari ne, ba ya shayuwa. Biyu sun isa: *viene a costar unos doscientos*.

Sai kintace na abin da ya kusa faruwa bai faru ba, "saura ƙiris" ɗinmu. Faransanci na da *faillir*, Sifaniyanci ba shi da irinsa. *Por poco* ko *casi* ake sawa, kuma abin mamaki aikatau yakan tsaya a lokacin yanzu ko da jiya abin ya faru: *ayer por poco me atropella una moto*, jiya saura ƙiris ɗan kabu-kabu ya kwashe ni. *Casi me caigo*, saura kaɗan in faɗi. Ga abin da ke gab da faruwa kuma, *estar a punto de*: *está a punto de llover*, hadari ya haɗu, ruwa na gab da saukowa.

Dala

Duk abin da ya gabata zai tashi a banza in adadin kansa ya karkace, kuma a nan matsalarmu ta gida ce. Mu da dala muke ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa biyar. Mai tebur ya ce dala ashirin, kunnenka ya ji ashirin, bakinka ya ce *veinte francos*, alhali *cien francos* ne. Dala ɗari *quinientos* ce. Jika kuwa ba ta da rikici, *mil* ce, kuma ba a cewa *un mil* a magana. Kafin ka buɗe baki, mayar da dala sefa a zuciyarka tukuna, sannan ka nemi kalmar.

*Cien* ɗari ce cif, da zarar ta ɗauki ɗori sai ta koma *ciento*: *ciento cincuenta mil*. Ɗaruruwa suna bin jinsi, *doscientos carneros* amma *doscientas cabras*, kuma uku daga cikinsu ba sa bin tsari: *quinientos*, *setecientos*, *novecientos*. Miliyan na neman *de*, *un millón de francos*. Biliyan ɗin da ake faɗa a rediyo in ana maganar kasafin kuɗi *mil millones* ne. *Un billón* miliyan sau miliyan ne, wanda ya fassara biliyan da shi ya ninka kuɗin sau dubu.

Yadda za ka sa duk wannan ya zauna a baki, ba sai ka kashe ko dala ba. Samu kaye ka raba shafi uku. Ka zagaya kasuwa ko ka zauna wajen mai shagon unguwa, ka rubuta a layin farko abin da ka ji da Hausa yadda aka faɗe shi, kada ka gyara: "tiyar hatsi ta kusa jika", "buhun ba zai gaza kaza ba", "motar za ta iso wajen magariba". A layi na biyu ka rubuta irin kintacen da aka yi, zato ne, hujja ce, cikewa ce, ko iyaka ce. Sai a na uku ka sa Sifaniyanci. Layin tsakiyar nan shi ne aikin, wanda ya tsallake shi zai koma fassara kalma da kalma. Da dare ka karanta layi na uku da ƙarfi ka naɗa a waya, ka saurari kanka. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, irin namu, *r* ɗinsu ma da kan harshe ake kaɗa shi kamar na Hausa, don haka ka bar *r* ɗin maƙogwaro a ajin Faransanci. *V* kuma *b* ake furta shi, *viene* ya fito kamar "biyene".

Kunne ma na son nasa abincin. In ana kallon Real Madrid ko Barcelona a fada, nemi wasan da sharhin Sifaniyanci ko da sau ɗaya a mako. Mai sharhin ƙwallo kintace ne sana'arsa: *quedarán unos cinco minutos*, *rondamos la media hora*, *por poco*, *casi*. Labaran Radio Exterior de España ma ana samun su ta intanet, haka ƙamusun hukumar harshen, kyauta ne. In ka yi shakkar wata kalma, can za ka duba kafin ka amince da fassarar waya.

Mai niyyar jarrabawar DELE, wadda cibiyar Cervantes ke gudanarwa a matakai shida daga A1 zuwa C2, ya san cewa a ɓangaren magana na matakan tsakiya ana miƙa wa mutum hoto a ce ya yi bayani, a B2 ma har a ce ya ƙaddara abin da ke faruwa a ciki. Ba ka san mutanen hoton ba, ba ka san shekarunsu ba, ba ka san ko ƙarfe nawa ba ne. Wanda ya ce *el hombre tiene cuarenta años* ya faɗi abin da bai sani ba. Wanda ya ce *tendrá unos cuarenta años, debe de ser el padre, serán las ocho de la mañana* ya nuna wa masu jarrabawa abin da suka zauna nema. Wuraren da ake zana ta da ranakunta suna shafin cibiyar na intanet.

Akwai inda ba a kintace ko kaɗan: takardar neman biza, yarjejeniyar ciniki, takardar banki, da awon magani. Kada *unos* ko *viene a* su kusanci waɗannan. Rubuta adadin cif, da lamba da kuma harafi in an ba da wuri, ka tabbata sefa ka rubuta ba dala ba, ka sake dubawa kafin ka sa hannu.